Injin yanke ciyawa mai juyawa a tsaye: zai yi aiki a kan gangare?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mutumin Kano ne, ina zaune da iyalina a wajen birnin Pittsburgh da ke jihar Pennsylvania a Amurka. Bara muka sayi gida mai fili kimanin eka ɗaya da rabi, duk ciyawa ce. Gaban gidan a shimfiɗe yake, amma bayansa ya gangara har zuwa bakin wani ɗan rafi. Daga Afrilu zuwa Oktoba kusan kowane mako sai an yanke ciyawar, kuma injin turawa da nake da shi yana cinye mini yinin Asabar ɗungurungum. Maƙwabcina yana da irin injin da ake hawa, wanda suke kira ziro-tan, kuma cikin awa ɗaya yake gamawa. Ina son in sayi irinsa, amma uwargida tana tsoron gangaren. Wane iri ya kamata in zaɓa, kuma yaya ake tuƙa shi a wuri irin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsoron uwargida yana kan hanya, kuma abin da zan fara roƙonka shi ne kada ka biya ko sisi sai ka auna gangaren nan ka san digirinsa. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera injin kansa.

Ziro-tan ba shi da sitiyari irin na mota. Direba yana riƙe da sanduna biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma kowace sanda tana sarrafa tayar baya ta ɓangarenta ta hanyar famfon mai. Idan ka tura su gaba tare, injin ya miƙe. Idan ka tura ɗaya ka ja ɗaya baya, sai ya juya a inda yake tsaye, kuma daga nan sunansa ya samo asali. Kamfanin Excel Industries na jihar Kansas ya fara sayar da mai sanduna biyu, mai suna Hustler, a 1964, kuma tun daga lokacin masu sana'ar gyaran filaye suka rungume shi, domin yana kewaye itace da shukar fulawa ba tare da ya bar ragowa ba. Amma ka dubi tayoyin gabansa da kyau idan ka je gidan maƙwabcin naka. Ƙanana ne, suna juyawa duk inda aka tura su kamar tayoyin keken sayayya na kanti, ba su da birki, ba sa kuma karɓar umarni daga direba. Wato tuƙin da tsayawar duka sun rataya a kan yadda tayoyin baya suka kama ƙasa. Da zarar sun saki, ka rasa sitiyari da birki a lokaci guda, kuma injin da nauyinsa ya kai kilo 250 ko fiye zai bi inda gangare ya ja shi.

Na ga wannan da idona wata safiya a gidan wani abokina. Raɓa ba ta gama bushewa ba, ciyawar tana sheƙi, ya nufi gangaren bayan gidansa kai tsaye. Da ya kai tsakiya nauyin injin ya koma kan tayoyin gaba, na baya suka yi sako-sako. Ya ja sandunan biyu baya da ƙarfi, tayoyin suka shiga juyawa da baya suna tsige ciyawa suna watsa laka, amma injin bai fasa sulalewa gaba ba, har sai da ya daki shingen katako da ke ƙasa. Allah ya kiyaye, bai ji ciwo ba. Layuka biyu na baƙar ƙasa da tayoyin suka bari sun fi wata guda kafin ciyawa ta rufe su, kuma duk lokacin da na gan su sai in tuna cewa da babu shingen, kwari ne a bayansa. Kai kuwa rafi ne a ƙarshen naka gangaren.

Yawancin kamfanonin da ke ƙera irin wannan inji sun sa iyaka a digiri 15, wasu ma ƙasa da haka, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ita ma digiri 15 ta ambata a matsayin iyakar da ba a wucewa idan babu wani bayani daga kamfani. Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a kan gangare ido yana yaudara ƙwarai, don haka a auna. Ka samo miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2 da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki. Ka ɗora kan katakon ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, ka ɗaga ɗaya kan ta wajen gangare har ma'aunin ya nuna ya daidaita, sannan ka auna tazarar da ke tsakanin kan da ka ɗaga da ƙasa. Idan ka sami santimita 35, gangaren ya kai digiri 10. Santimita 54 digiri 15 ke nan. Santimita 73 kuwa digiri 20 ne. Kada ka auna wuri ɗaya ka wadatu, ka nemi inda ya fi tsanani, musamman dab da rafin, domin nan ne zai yanke hukunci. Ka kuma lura da bambancin digiri da kashi cikin ɗari, wanda mutane da yawa ke rikitawa: gangaren digiri 15 ya kai kusan kashi 27 cikin ɗari, alhali kashi 15 cikin ɗari bai kai digiri 9 ba.

Idan awonka ya tsaya ƙasa da digiri 10, ziro-tan na sanduna zai yi maka aiki, muddin ciyawar a bushe take. Tsakanin 10 da 15, ni a nawa ra'ayi gara ka duba nau'in da aka sa wa sitiyari. Kamfanin Cub Cadet yana ƙera irinsa, inda sitiyarin ke sarrafa tayoyin gaba tare da na baya, kuma kamfanin ya ce wasu daga cikinsu suna iya aiki har kan digiri 20. Amfaninsa shi ne tayoyin gaba suna riƙe layi maimakon su karkata su bi gangare, sannan wanda ya saba da mota ba ya shan wahalar koyo. Idan wani ɓangaren filin ya wuce iyakar da aka rubuta a littafin injin, wannan ɓangare ba na injin hawa ba ne. Ka ci gaba da yanke shi da injin turawarka, kana bi a gicciye, ko ka shuka masa ƙananan itatuwa da shuke-shuken da ba sa bukatar aski. Ko da rabin filin kawai sabon injin ya ɗauke maka, Asabar ɗinka ta dawo hannunka.

Wajen zaɓe, abu na farko da zan duba shi ne ƙarfen kariya, wato lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke tsaye bayan kujera, wanda ke hana injin danne direba idan ya kife. Injunan gida masu araha galibi ba su da shi, sai manya da na masu sana'a. Yana tafiya ne tare da bel ɗin kujera, kuma ƙa'idar ita ce idan ƙarfen yana tsaye a ɗaura bel, idan an naɗe shi don wucewa ƙarƙashin rassa a kwance bel ɗin, da an wuce kuma a mayar da shi. Bayan wannan, ka nemi inji mai faɗin tsakanin tayoyi, mai manyan tayoyin baya, wanda kujerarsa da injinsa suke ƙasa-ƙasa. Ka tambayi mai sayarwa irin giyar da ke ciki, wato na'urar da ke juya tayoyin baya, domin na ƙaramin kuɗi kan zo da giya rufaffiya wadda ba a yi ta don a riƙa canza mata mai ba, kuma hawan tudu a kai a kai yana sa ta zafi, alhali irin su Hydro-Gear ZT-2800 da ZT-3100 ana canza musu mai da matata. Haka nan injin da ke da famfon baƙin mai da matata ya fi dacewa da wurin da za a daɗe a karkace. Game da faɗin yanka, inci 42 zuwa 48 ya ishi eka ɗaya da rabi. Wanda ya fi haka faɗi yakan ƙwaƙule ƙasa a inda fili ya yi tudu da kwari.

Batun ko a bi gangare a gicciye ko a hau a sauka, kamfanonin kansu sun sha bamban, don haka abin da littafin injinka ya ce shi ne abin bi. Amma ya kamata ka san haɗarin kowanne. A wajen sauka tayoyin baya ke rasa nauyi, kamar yadda ya faru da abokina. A wajen hawa gaban injin ne ke yin sauƙi, kuma idan ka fizgi sandunan zai iya ɗagawa ya wuntsila da kai ta baya. A gicciye kuwa hancin injin yakan so ya karkata ƙasa, tayar da ke wajen tudu ta soma zamewa. Saboda haka ka fara daga gindin gangaren kana hawa sannu a hankali, ka riƙa juyawa ta wajen tudu, kuma kada ka taɓa yin juyin nan na tsaye a kan gangare, ka bar shi sai a shimfiɗaɗɗen wuri. Hannunka ya zama mai taushi a kan sandunan, ba fizga, ba tsayawa kwatsam. Idan ka ji tayoyi sun soma santsi, ka kashe wuƙaƙen, ka sauko a hankali ba tare da juyi mai kaifi ba, ka bar wurin sai ya bushe.

Rafin nan shi ya fi damuna. Bakin ruwa yakan yi laushi, wani lokaci ruwa ya riga ya cinye ƙarƙashinsa, ciyawa ce kawai ta rufe. Ka bar tazarar da ta kai faɗin injin sau biyu tsakaninka da gaɓar, ka kafa 'yan turaku masu launi a kan layin don kada ka manta, ragowar kuma ka gama da na hannu. Kada ka yanke da sassafe ko bayan ruwan sama. Bayan azahar, lokacin da raɓa ta tafi, ya fi. Jakar tara ciyawa da ake ratayawa a baya tana sauya daidaiton nauyin injin, don haka a cire ta kafin a shiga gangare. Yara kuma, komai roƙonsu, ba a ɗora su a cinya, kuma su kasance cikin gida har a kashe injin. Mako biyu na farko ka yi su a gaban gidan, inda yake a shimfiɗe, har hannunka ya faɗa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke kula da ma'aikatan lambu a wani rukunin gidaje a Abuja, kuma filayenmu akwai tudu da gangare. An kawo mana tallar ziro-tan na hannu da aka shigo da shi daga waje. Mu saya?

Amsa: Barka kadai, Malam. Awon katako da na bayyana a sama ya hau kanku ku ma, sai dai ku kuna da ƙarin matsala guda. Lokacin da ciyawa ta fi tashi a Abuja shi ne damina, lokacin da ƙasa ba ta cika bushewa ba, kuma jar ƙasa idan ta jiƙe santsinta ba kaɗan ba ne. Ga kuma suri da duwatsu da bakin kwalbati da doguwar ciyawa ke ɓoyewa, waɗanda kowannensu zai iya ɗaga taya ɗaya a kan gangare, don haka sai an zaga filin da ƙafa kafin a hau.

Kafin ku biya, ku tayar da injin ya yi aiki kamar minti 20 har man giyar ya yi zafi, sannan ku hau ɗan tudu da shi. Idan ya ja gefe ɗaya, ko ya yi kuka ya rage ƙarfi, giyar ɓangaren ta gaji, kuma ita ce mafi tsada a jikinsa. Ku duba ko ƙarfen kariya da bel suna nan, domin wani lokaci akan kwance ƙarfen don rage wuri a kwantena, a kasa mayarwa. Ku gwada tashi daga kujera wuƙaƙe na juyawa, a shimfiɗaɗɗen wuri kuma da birki a ɗaure: ya kamata injin ya mutu ko wuƙaƙen su tsaya nan take, idan hakan bai faru ba mai yiwuwa an haɗe wayar makunnin kujerar, sai a gyara kafin kowa ya hau. Ku kuma tabbatar akwai inda za ku riƙa samun bel ɗin wuƙaƙe da matata da makanikin da ya san irin wannan giya. Idan ya tsallake duk waɗannan, ku ware ma'aikaci ɗaya ko biyu masu natsuwa su zama su kaɗai ke hawansa, ku nemo littafinsa a intanet da lambar da ke jikinsa a karanta musu, sannan a zana musu a takarda wuraren da injin zai shiga da waɗanda za a bar wa ƙaramin injin yanka da ake ratayawa a kafaɗa.