Tambaya da Amsa: Wai da gaske Gidan Wuta a ƙarƙashin ƙasa yake?

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni Kirista ce, a Wusasa nake. An turo mana wani odiyo a guruf ɗin zumuntar mata na WhatsApp, wai Turawa sun haƙa rami a Rasha har suka ɓula Gidan Wuta, suka zura makirufo sai ga ihun mutane. Mamana tun da ta saurara bata iya barci, ni ma gaskiya jikina yayi sanyi. Dan Allah me Kiristoci suka gaskata, a ina wutar take?
Daga wata mai karatu, Wusasa, Zariya

AMSA: 'Yata sannu, ki gaida mama ki ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan odiyon ƙarya ne, kuma tsohuwar ƙarya ce, tun wajen 1989 take yawo, wani gidan talabijin na Kirista a Amurka ya taɓa yaɗa ta, yanzu waya ce ta sake farfaɗo da ita. Ramin dai akwai shi. A yankin Kola yake, can arewacin Rasha kusa da iyakar Norway, masu binciken duwatsu na Tarayyar Sobiyet suka fara haƙa shi a 1970, zuwa 1989 ya kai zurfin mita 12,262. Faɗin bakinsa santimita 23 ne kacal, kamar burtsatse dai. Abinda ya tare su zafi ne, wajen digiri 180, dutsen ya fara laushi injin ya kasa cigaba. Babu ihun kowa. Kuma ki duba lissafin, daga inda kike tsaye zuwa tsakiyar duniya kilomita 6,371 ne, su kuwa 12 da ɗoriya suka haƙa, kinga ko ɓawon ma basu gama fasawa ba.

Toh sai ainihin tambayarki, kuma anan ne nake so ki nutsu. Littafi Mai Tsarki ba da kalma ɗaya yayi maganar nan ba, mu ne a Hausa muke tattara su mu ce wuta ko lahira shi kenan. Ke da kike Wusasa ai gida ne, Likita Miller, Baturen mishan da ya zauna nan Zariya, yana cikin manyan da sukayi aikin fassarar Littafin zuwa Hausa da ta fito a 1932, kuma duk mai fassara sai yayi fama da kalmomin nan.

Akwai Sheol a Ibrananci, da Helenanci Hades, wato wurin matattu. Shi kam kullum "gangarawa" ake cewa ana yi zuwa can. A Littafin Ƙidaya sura 16 ƙasa ta buɗe ta haɗiye su Datan da Abiram da ransu, a Matiyu 12:40 Yesu yace Ɗan Mutum zai yi kwana uku da dare uku a cikin ƙasa, sannan ga Afisawa 4:9. Daga irin ayoyin nan Kiristoci da yawa na da, harda babban malami Toma Akwinas, suka ɗauka wutar tana ƙarƙashin ƙafafunmu, har yau kuma akwai fastocin da suke koyar da haka da zuciya ɗaya, ban raina su ba. Amma ki buɗe Farawa 37:35, Yakubu da aka kawo masa rigar Yusufu da jini cewa yayi zai gangara Sheol wurin ɗansa yana makoki. Yakubu fa. Kinga ashe kalmar bata nufin wurin azabar mugaye kaɗai.

Kalmar da Yesu yafi amfani da ita in yana gargaɗi akan hukunci ita ce Gehenna, kuma wannan sunan wani kwari ne na zahiri, Kwarin Hinnom, a gefen kudu da yammacin tsohuwar Urushalima, yau ma mutum zai iya takawa ya shiga. Wuri ne mai mugun tarihi. A can ake ƙona yara hadaya ga gunki, sarki Ahaz da sarki Manassa duk sun ƙona 'ya'yansu a kwarin, sai da sarki Yosiya yazo ya ƙazantar da wurin dan kada a sake, yana nan a 2 Sarakuna 23:10, annabi Irmiya kuma yace za'a koma kiransa kwarin kisa. Duk Bayahuden da yaji Yesu ya ambaci sunan nan yasan me ake nufi, tsigar jikinsa zata tashi. Kalmar Jahannama da mu da 'yan'uwanmu Musulmi muke faɗa kullum ma tushensu ɗaya da wannan suna. Wani abu kuma da nake yawan ji akan bagade, wai kwarin juji ne da wuta ke ci dare da rana a zamanin Yesu, toh wannan bayanin daga wani malamin Yahudawa ya fito wajen shekarar 1200, fiye da shekara dubu bayan Yesu, dan haka a riƙa faɗinsa da taka tsantsan.

Sannan ga "matsanancin duhu" na can waje a Matiyu 25:30, ga tafkin wuta a Wahayi 20:14, inda aka ce mutuwa da Hades su kansu za'a jefa su ciki. Wannan ayar ita tafi tsaya min a rai, in har Hades ɗin ne za'a ɗauka a jefa a wani wuri, toh ba za'a ce wuri ɗaya ne da shi ba. Ƙasa, waje, kwari, tafki, wuta ga kuma duhu a lokaci guda. A fahimtata Littafin yana nuna mana munin abun ne ta kowace fuska, bai zo ya bamu kwatancen hanya ba.

Ba ni na fara faɗin haka ba. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ɗan Afirka ɗan'uwanmu, ya rubuta cewa a ganinsa ba mutumin da yasan wane ɓangare wutar take sai wanda Ruhun Allah ya bayyana wa. Yohanna Kirisostom shi kuma yana ganin a wajen duniyar nan take gaba ɗaya, ya shawarci masu sauraronsa su bar neman inda take su nemi yadda zasu tsere mata. Katolika a littafin koyarwarsu na 1992 sunce babbar azabar wuta ita ce rabuwa da Allah har abada, a watan Yulin 1999 Fafaroma John Paul na biyu ya ƙara bayani cewa maganar tafi nuna halin da mai ƙin Allah ya jefa kansa fiye da wani wuri, jaridu suka ɗauka wai yace babu wuta, alhali bai ce haka ba. Mu na Angilikan da ECWA da Baptist galibi mun tsaya akan cewa wuta gaskiya ce kuma madawwamiya ce, muna riƙe da 2 Tasalonikawa 1:9, batun inda take ne kowane mai wa'azi da nasa fahimtar. 'Yan Adventist sunce mugaye ƙonewa zasuyi su ƙare, Shaidun Jehobah kuma sunce Sheol kabari ne kawai.

Abinda ke damuna da odiyon nan 'yata, yaranmu na jami'ar ABU a Samaru suna karanta ilimin ƙasa, minti biyar ya ishe su su gano ƙarya ce, kuma ranar da yaro ya kama iyayensa a coci suna tsorata shi da ƙarya, sauran gaskiyar da suka koya masa ma sai ya fara zarginta. Na sha ganin haka kuma yana min ciwo. A Luka 16 mai arzikin nan da ya mutu yana shan azaba ya roƙi Ibrahim a aika Li'azaru daga wurin matattu ya gargaɗi 'yan'uwansa biyar, aka ce masa suna da Musa da annabawa su saurare su, ba'a aika kowa ba. Toh in an hana ta wannan hanyar, da wuya ace ta makirufon masu haƙar dutse za'a aiko.

Ki samu shugabar zumuntarku a gefe, cikin ladabi, ki nuna mata wannan shafin ki roƙi a goge odiyon daga guruf. Mama kuma ki zauna da ita da daddare ki karanta mata Romawa 8 daga aya 31 zuwa ƙarshe, in rashin barcin ya wuce sati ki kaita asibiti a auna mata jini.