Tambaya da Amsa: Korona ta kwantar da ni a ɗakin haihuwa, har yau jiki bai dawo ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Katagum, jihar Bauchi. A shekarar 2020 na kamu da korona ina bakin aiki, aka killace ni har na warke. Tun daga lokacin jikina bai koma daidai ba, tafiya kaɗan sai numfashi ya sarƙe, ga mantuwa da kasala, abokan aiki kuma suna cewa raki ne. Sannan abin yana ci mini rai, ko na shafa wa wata mai jego ko jaririnta cutar kafin in san ina ɗauke da ita. Me ya kamata in yi?

Wata ungozoma, daga Katagum

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Abin da kike ji ba raki ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa korona takan bar wa wasu ciwo bayan ta tafi, alamunsa sukan bayyana cikin wata uku da kamuwa, su ɗauki aƙalla wata biyu, a wasu mutanen ma har shekaru. Gajiya da sarƙewar numfashi da rikicewar tunani su ne kan gaba, kuma su kika lissafa. Sai dai tunda an ɗauki lokaci, kada a ɗora wa korona komai ba a bincika ba, domin ƙarancin jini, hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da tarin fuka duk sukan zo da irin wannan kama. Ki je asibitin tarayya da ke Azare ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, a yi miki gwajin jini da na majina da na zuciya, a ɗauki hoton ƙirji. Ki yanki kati, ki zauna gaban likita a matsayin majinyaciya, domin ma'aikatan lafiya da yawa sun saba faɗa wa abokin aiki ciwonsu a tsaye a baranda, su sayi magani su koma aiki. In kika ga kumburin ƙafa, ciwon ƙirji ko jini a tari, kada ki kwana ba ki je ba.

Game da abin da ke ci miki rai kuwa, ki tuna yadda lamarin yake a lokacin. A watan Mayun 2020 cutar ta yi ƙamari har gwamnatin jiha ta rufe ƙananan hukumomin Katagum, Giade da Zaki, amma haihuwa ba ta tsaya ba. Ba a ce wa mai naƙuda ta jira sakamakon gwajin da ke ɗaukar kwanaki, kuma tazarar da ake cewa a bayar ba ta yiwuwa ga wadda ta sunkuya a kan mace tana nishi, ta yaye takunkumin fuska saboda zafi, ta ƙanƙame hannun ungozoma. Mutum yakan yaɗa cutar kwana ɗaya ko biyu kafin ya ji alamarta, rigakafi kuma bai iso Najeriya ba sai ranar 2 ga Maris, 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya kusan 115,000 ne cutar ta kashe a duniya daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Wadda ta tsaya karɓar haihuwa a wannan hali, a ganina, godiya take bin mu, ba ta da laifin da za ta ɗora wa kanta. Jarirai ma ba kasafai cutar ke yi musu tsanani ba, shi ya sa aka shawarci uwa ta ci gaba da shayarwa ko da tana ɗauke da ita. In tunanin yana hana ki barci, ki faɗa wa likitan, domin damuwa ma ciwo ce mai magani.

Kada ki tilasta wa jikinki aikin da ya fi ƙarfinsa, domin irin wannan gajiyar takan ƙaru idan aka matsa. Ki karɓi rahoton likita a rubuce, ki kai wa shugabar sashenku, ki kuma sanar da reshenku na ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, don a rage miki aikin dare har a ga sakamakon gwaje-gwajen.