Baba ya shanye bayan tiyatar jijiyar wuya: za mu iya kai ƙara?

Tambaya: An yi wa mahaifina tiyata a Ingila don cire kitsen da ya toshe jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa. Da daddare ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muna da hujjar neman diyya?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Shanyewar ita kaɗai ba hujja ba ce, domin tana cikin haɗarin da aka san wannan aiki da shi. Ana matse jijiyar, a tsaga ta, a kankare kitsen, a ɗinke. Ɗan ɓarɓashi ko gudan jini na iya suɓucewa zuwa ƙwaƙwalwa ko a hannun gwani. Ƙa'idar likitoci ita ce mutuwa ko shanyewa kada su haura kashi 6 cikin 100 ga mai alamun ciwon tun kafin tiyata, kashi 3 ga marar alamu. Karkacewar harshe da dushewar murya ma sanannu ne, yawanci suna warwarewa.

Tun shari'ar Bolam da aka yi a Ingila a 1957, likita ba ya laifi idan akwai rukunin ƙwararru masu hankali da za su yi yadda ya yi. Shi ya sa ƙorafi irin na cewa bai sa bututun da ke wuce da jini zuwa ƙwaƙwalwa yayin da aka matse jijiyar ba yake da wuyar ci: likitocin kansu sun rabu a kai.

Ni inda nake fara dubawa shi ne daren da abin ya faru. Ƙarfe nawa nas ta ga hannu ya saki, ƙarfe nawa likita ya iso, yaushe aka ɗauki hoton jijiyar? Idan jini ya daskare a wurin ɗinkin, gaggawar komawa tiyata na iya ceto ƙwaƙwalwa. Awannin da aka ɓata su ne ƙashin bayan ƙara, in har wani likita ya shaida cewa da an hanzarta da ɓarnar ta ragu.

Sai batun yarda. Hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 2015 a shari'ar Montgomery ya wajabta a bayyana wa majiyyaci babban haɗari da sauran zaɓi, kamar magani kawai. Sa hannu a takarda bai wadatar ba.

Ku nemi cikakken fayil ɗinsa a rubuce, da izininsa. Asibiti na da wata guda ya amsa. Wa'adin shigar da ƙara shekara 3 ne, amma ba ya tafiya muddin ciwon ya hana Baba iya yanke shawara da kansa.