Kwamfuta biyu, suna ɗaya: ina saƙon imel zai nufa?

Tambaya: Malam, na ji an ce kafin intanet ya bazu, akan samu kwamfuta biyu ko fiye masu suna iri ɗaya suna musayar imel. To ta yaya saƙo yake gane wadda ake nufi?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ya fi faruwa a tsarin UUCP na tura saƙonni tsakanin kwamfutoci, wanda Mike Lesk ya rubuta a cibiyar bincike ta Bell Labs, aka rarraba shi tare da fitowa ta 7 ta Unix, manhajar sarrafa kwamfuta, a 1979. Kwamfutoci kan kira juna ta wayar tarho su miƙa saƙonni, kuma babu wata hukuma mai raba sunaye. Kowa ya raɗa wa tasa sunan da ya ga dama.

Saƙon ba ya gane komai. Mai aikawa ne yake rubuta hanyar gaba ɗaya, zango bayan zango, da alamar motsin rai a tsakani, kamar haka: ucbvax!decvax!orion!ali (ali shi ne mai karɓar saƙon, sauran kuma sunayen kwamfutoci ne). Kowace kwamfuta ta cire sunanta, ta duba na gaba a jerin maƙwabtan da take kira, ta miƙa. Ke nan "orion" a nan na nufin wadda decvax ta sani, ko da akwai wasu masu sunan a wani wuri. Kamar a ce maka "Audu maƙwabcin wane": Audu da yawa, amma kwatancen ya raba gardama. Shi ya sa mutane kan fara adireshinsu da sanannun kwamfutoci irin su ucbvax ta jami'ar Berkeley ko ihnp4 ta kamfanin AT&T.

Rikicin ya kunno kai ne da aka so taƙaita hanya. An tattara taswirar kwamfutocin, sannan manhajar pathalias ta Steve Bellovin da Peter Honeyman tana lissafa hanya mafi sauƙi zuwa kowane suna. Sai wasu masu kula da kwamfutocin tsakiya suka riƙa watsar da hanyar da mai saƙo ya rubuta, su ɗauki sunan kwamfutar ƙarshe kawai su nema a taswira. In orion ɗinka ba ita ce ke cikin taswirar ba, shi ke nan, saƙo ya tafi hannun baƙo ko ya dawo. A ganina wannan karambani ne, domin sunan ba shi da ma'ana in an raba shi da wanda ke gabansa.

Ga kuma adireshi mai gauraye irin a!b@c. Wata kwamfuta ta fara kai shi c, wata kuma ta fara da a.

Tsarin DNS na sunayen kwamfutoci a intanet da Paul Mockapetris ya tsara a 1983 shi ya kawo gyara. Suna ya zama mai matakai, kowace hukuma da yankinta, don haka orion ta wannan jami'a ba ta karo da ta waccan. Daga 1986 kuma bayanan MX suke nuna kwamfutar da ke karɓar imel ɗin kowane yanki, mai aikawa ya huta da zana hanya.