An kaɗe ƙanena, direban ya gudu: wa zai biya mu diyya?

Tambaya: Barista, wata mota ta kaɗe ƙanena da daddare a kan babur a hanyar Zariya, direban bai ko tsaya ba. Ya karye a cinya, an yi masa aiki, kuɗin magani ya cinye mu. Wani mai shayi ya ce ya ga rabin lambar motar. Akwai abin da doka za ta yi mana?

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya, ya mayar muku da abin da kuka kashe. Gaskiyar magana, kotu ba ta karɓar ƙara a kan wanda ba a san shi ba. Dole a sami sunan da za a kai wa sammaci. Saboda haka aiki biyu ne a gabanku: neman motar, da kuma tara takardun da za su amfane ku ko da ba a same ta ba.

Mai shayin nan shi ne jarinku. Ku je gare shi yau, a rubuta abin da ya gani: rabin lambar, launin motar, ƙirarta, inda ta nufa. Ku kai shi sashen haɗarin mota na 'yan sanda, wato MTD, ya ba da bayani, a zana taswirar wurin, ku kuma karɓi kwafin rahoton. Ku zaga gidajen mai da shagunan da ke bakin titin, domin da yawa suna da kyamara, kuma hoton yakan goge cikin 'yan kwanaki. Idan an tsinci fasasshiyar fitila ko madubi a wurin, a adana. Motar da ta buge babur ba ta rasa zuwa wajen mai gyaran jiki ko mai sayar da gilashi, kuma direbobin tasha sun san motocin hanyarsu fiye da kowa.

Da zarar lambar ta cika, hukumar Road Safety tana da rajistar masu motoci, sannan akwai rumbun bayanai na NIID da ke nuna kamfanin da ya yi wa mota inshora. Daga nan lauya zai rubuta wa mai motar da kamfanin. Inshorar dole da ake biyan naira 15,000 a kan motar gida tun Janairun 2023 an yi ta ne domin irin ƙanenka, kuma tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, ban da diyyar rauni. Tuhumar direba da laifin ganganci daban, neman diyya daban. Ko an ɗaure shi, haƙƙinku yana nan.

To idan motar ta ɓace ɓat fa? Nan ne mutane ke cewa an bar wa Allah, alhali doka ta yi tanadi. Sashe na 78 na Dokar Inshora ta 2003 ya taɓa ware asusu a hannun NAICOM, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, domin wanda direban da ba a gane ba, ko marar inshora, ya kashe ko ya nakasa. Sabuwar dokar inshora da aka sa wa hannu a Agustan 2025, wadda ta maye gurbin waccan, ta kafa asusu na musamman na waɗanda haɗarin mota ya rutsa da su. Domin rai da jiki aka yi tanadin, kada ku sa rai da kuɗin babur, kuma biyan ba ya zuwa da wuri. Duk da haka ku rubuta wa NAICOM, ku haɗa rahoton 'yan sanda, rahoton likita, hoton ƙashi da rasit.

Abin da ya fi damuna shi ne rasit. Sau da yawa iyali sukan ɗauke marar lafiya daga asibiti su kai shi wajen mai ɗori, ba takarda ko ɗaya, daga baya a rasa hujjar nuna girman raunin. Ku nemi likitan da ya yi aikin ya rubuta irin karayar, da ko za ta bar nakasa. Ko allura kuka saya, ku karɓi rasit.

Idan ƙanenka ma'aikaci ne kuma a hanyar zuwa aiki ko dawowa abin ya faru, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta shafe shi, sai ma'aikatarsa ta sanar da NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata. Wannan ba ya buƙatar a gano direban.

Kada ku yi jinkiri, domin shigar da ƙara yana da wa'adi, kuma idan motar ta zama ta gwamnati ce yana iya zama wata 3 kacal. In aka gano direban ya turo manya neman sulhu, ba laifi, amma kada a sa hannu a takardar yafiya kafin likita ya faɗi inda ƙafar za ta tsaya. Idan ba ku da kuɗin lauya, ofishin Legal Aid Council yana karɓar ƙarar haɗari kyauta ga marasa ƙarfi.