Me Ya Sa Indonesiya Ba Ta Zaɓi Harshen Jawa Ba?

TAMBAYA: Malam, na ji an ce Jawawa ne ƙabila mafi yawa a Indonesiya, amma harshen ƙasar ba nasu ba ne. Ina asalinsa, kuma yaya aka yi masu rinjaye suka amince da shi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Malama, abin da kika ji gaskiya ne. Harshen ƙasar, wanda ake kira Bahasa Indonesia, reshe ne na harshen Malay, wanda tun fil azal fatake ke ciniki da shi a tashoshin jiragen ruwan yankin. Cikin tsofaffin shaidunsa akwai wani dutse da aka samu a Kedukan Bukit, kusa da Palembang, mai ɗauke da rubutu na wajajen shekarar 683, zamanin daular Sriwijaya. Da Musulunci ya kafu, birnin Malaka kuma ya bunƙasa a ƙarni na 15, sai harshen ya ƙara yaɗuwa cikin haruffan Larabci da ake kira Jawi, irin ajaminmu, ya kwashi kalmomin Larabci masu yawa. Turawan Holan sun tarar da shi ko'ina, suka riƙa mulki da shi, suka tsara masa rubutun boko a 1901.

Ranar 28 ga Oktoba, 1928, matasa daga tsibirai daban-daban suka taru a Batabiya, wato Jakarta ta yau, suka yi rantsuwa a kan ƙasa ɗaya, al'umma ɗaya da harshen haɗin kai ɗaya, wato Bahasa Indonesia, kuma Jawawa na cikin waɗanda suka yi ta. Harshen Jawa yana da matakan girmamawa, ta yadda kalmar da talaka zai yi wa basarake magana da ita daban take da wadda zai faɗa wa tsaransa, abin da ke wahalar da baƙo. Shi kuwa Malay ba ya da wannan nauyi, sannan masu shi na asali 'yan kaɗan ne, don haka babu ƙabilar da ta ji an danne ta. A ganina, wannan sadaukarwa ta Jawawa ita ce ta fi cancantar yabo a tarihin gaba ɗaya, musamman a ƙasa mai harsuna fiye da 700.

Japan ta haramta harshen Holan lokacin mamayarta daga 1942, wanda hakan ya ba Bahasa Indonesia fili a ofisoshi da makarantu. Tsarin mulkin 1945 ya tabbatar da shi harshen ƙasa, a 1972 kuma aka daidaita ƙa'idar rubutunsa da ta Malesiya.