Daga Kogin Haɗejia zuwa bakin teku: wane sansanin hawan igiyar ruwa ya dace da ɗan koyo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo ta Jihar Jigawa, noman riɗi da shinkafa nake yi. Tun ina yaro nake iyo a Kogin Haɗejia, ko ya kawo ina ratsa shi. Na daɗe ina kallon bidiyon masu tsayawa kan allo igiyar teku tana gudu da su, abin ya shiga raina. Bana riɗi ya yi kyau, na ware wani abu, ina so in je in koya na mako ɗaya ko biyu. Da na duba intanet sai na tarar da sansanoni barkatai, Legas, Gana, Sanagal, har Bali ta Indunusiya, kowa yana cewa nasa ne na 'yan koyo. Wanne zan ɗauka, kuma me zan duba? Ga Inna ma ta ce sam, wai teku ba ya mayar da abin da ya ci.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa riɗin albarka. Zan fara da abin da kake taƙama da shi, wato iyon kogi, don shi ne yake ruɗin mutanenmu idan suka isa bakin teku.

Kogi gefe ɗaya ya nufa. Idan ya ɗauke ka, ka san inda zai kai ka, sai ka karkata ka fita a gaba. A teku kuwa, duk igiyar da ta fashe ruwa take tulowa gaɓa, kuma ruwan nan dole ya koma. Sai ya nemi wata kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙasa, ya kwarara ciki da ƙarfi. Abin takaicin shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: babu farin kumfa, ruwan ya fi duhu ko ya gauraye da yashi, kuma idan ka lura za ka ga ledoji da ganye suna tafiya ciki maimakon su fito. Gwanin kogi idan ya faɗa wannan jan ruwa, zuciyarsa ce masa take ya miƙe ya nufi gaɓa da ƙarfin damtse. Nan ake gajiya, gajiyar kuma ita ke nutsar da mutum, domin jan ba ƙasa yake danna ka ba, nesa yake kai ka. Maganinsa kada ka saki allonka, ka yi iyo a kaikaice, daidai da layin gaɓa, har ka fita daga kwararon, ka ɗaga hannu a gan ka. Na kawo wannan da wuri ne don shi ne ma'aunin farko na sansani. Duk inda aka miƙa maka allo ranar farko ba a tsayar da kai a kan yashi an nuna maka da yatsa inda jan yake a wannan safiyar ba, karɓi kuɗinka.

Ba wai iyonka bai da amfani ba. Ba ka tsoron ruwa ya rufe maka kai, wannan rabin karatun ne. Ruwan teku kuma yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, don haka ya fi na kogi ɗaga jiki. Sannan mafi yawan aikin ba tsayuwa ba ce, kwanciya ce rub da ciki a kan allo kana tuƙi da hannu biyu, kamar dai yadda masuntan yankinku suke kifa ciki kan gora su ratsa ruwa. Wanda ya taɓa yin haka kafaɗarsa ta riga ta san aikin.

To, sai zaɓen wuri. Ka manta da hoton ɗaki da wurin wanka da bishiyar kwakwa, ka tambayi abin da ke ƙarƙashin ruwan. Ɗan koyo faɗuwa yake yi, sau da yawa a awa ɗaya, saboda haka yashi yake bukata, shimfiɗaɗɗe, wanda zai yi tafiya mai ɗan nisa ruwa bai wuce masa ƙugu ko ƙirji ba. Kwanakin farko ma ba igiyar da kake gani a bidiyo za ka hau ba. Kumfar da ta rage bayan igiya ta fashe ita za ta riƙa tura ka. Wuraren da suka yi suna a duniya yawanci kan dutse ko murjani igiyarsu ke fashewa, sunan nasu kuma na ƙwararru ne. Tsibirin Ngor da ke Dakar misali ne: igiya mai kyau, amma ƙasan duwatsu ne cike da bushiyar teku, wadda ƙayarta ke karyewa cikin tafin ƙafa sai an zauna da allura ana tsincewa. Sansani zai iya zama a Ngor ya kuma kasance nagari, muddin yana ɗaukar 'yan koyo ya kai su gaɓar Yoff mai yashi. Don haka kada ka tsaya kan inda za ka kwana, ka ce a faɗa maka sunan gaɓar da za a yi darasi.

Allon farko na soso ne mai taushi, tsawon ƙafa 8 zuwa 9, faffaɗa, da maɗaurin da ke haɗa shi da idon sawunka. Idan ka ga a hotunansu 'yan koyo na riƙe da gajerun alluna masu tsini da tauri, wuce gaba. Irin wannan allo idan igiya ta dawo maka da shi a fuska, ɗinki ne.

Malami shi ne inda kuɗinka zai tafi ko ya tsira. Malamin kirki cikin ruwa yake tsayawa, ruwa har ƙirjinsa, ya riƙe wutsiyar allonka, ya waiwaya ya zaɓar maka igiya, ya tura ka ya ce tashi. Wanda ke zaune a inuwa yana busa usur ɗan kallo ne. Tambayi mutum nawa malami ɗaya yake ɗauka. A ganina idan suka wuce shida an fara cutar ɗalibi, idan suka haura takwas kuwa babu mai iya sa musu ido a ruwa. Akwai ƙungiyar wasan ta duniya, ISA, wadda aka kafa a 1964, ita ce kuma ta kai wasan gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Tana ba malamai takardar shaida, wadda ke tafiya da horon ceto. Idan malami yana da ita, madalla. Sai dai a gaɓar Afirka ta Yamma akwai 'ya'yan masunta da suka tashi a cikin ruwan, ba takarda amma sun san kowane rami na gaɓarsu, kuma ni ba na raina su. Abin da ba zan yafe ba shi ne rashin sanin taimakon gaggawa. Ka tambaya kai tsaye: idan mutum ya sha ruwa ya suma, wa ya iya farfaɗo da shi, kuma ina asibiti mafi kusa?

Ga wata dabara da ke tona asirin sansani cikin sauƙi. Ka ce a turo maka jadawalin darasi na mako. Teku yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, saboda wata yake bi. Gaɓar da ta yi laushi da safe za ta iya zama mai dukan mutum da ƙasa bayan awa uku. Masu sanin aiki za su ce maka lokacin darasi yana sauyawa, sai an duba ruwa. Wanda ya ce kullum ƙarfe goma daidai, da abincin safe yake lissafi.

Lokacin da kuɗin riɗi ke shigowa ya yi maka daidai. A gaɓar Legas da Gana manyan igiyoyi da damina suke zuwa, wajen watan Mayu zuwa Satumba, lokacin da hadarin kudancin Tekun Atlantika ke turo su. Daga Nuwamba zuwa Maris suna raguwa, ruwan kuma ɗumi gare shi, digiri 27 zuwa 29, gajeren wando da riga sun isa. Iskar hunturun nan da ke fasa muku leɓe a Auyo, idan ta isa can daga tudu take busawa zuwa teku, sai ta daidaita fuskar igiya ta yi santsi, musamman da sassafe. Ka dai tsara tafiyar yadda ba za ta ci karo da dashen shinkafar rani ba. Dakar ta sha bamban: a waɗannan watanni igiyar arewa ce ke ƙarfi, ruwan yana sanyi har ya sauka wajen digiri 20, sai da rigar roba mai kama jiki.

Da ni ne kai, Legas zan fara, ba don ta fi kyau ba sai don gwaji. Tarkwa Bay tana bakin mashigar tashar jiragen ruwa, ana zuwa da kwalekwale mai inji daga Marina ko Victoria Island, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Katangar duwatsun da aka gina don kare mashigar ita ke tare mata ƙarfin teku, shi ya sa cikinta ya fi sauran gaɓoɓin Legas lafawa, kuma akwai samarin wurin da ke koyarwa suna ba da hayar allo. Ba fasfo, ba canjin kuɗi, ga 'yan uwa a Obalende da Agege da za ka sauka wurinsu. Aibinta shara, musamman bayan ruwan sama, sannan tun da aka tashi mazauna wurin a Janairun 2020 maganar kwana a can sai ka tabbatar kafin ka je. Yi darasi biyu ko uku. Akwai masu son abin a waya waɗanda ruwan gishiri na shiga musu hanci sau ɗaya suke sallamawa, gara ka gane haka da kuɗin mota kawai. Kuma kada wani ya ja ka buɗaɗɗun gaɓoɓin Lekki da sunan ai duk teku ne. Can igiya a bakin yashi take fashewa da ƙarfi, jan ruwan kuma ba wasa.

Idan ka ji abin ya zauna maka, makon naka ka kai shi Busua, yamma da Takoradi a Gana. Doguwar gaɓa ce mai yashi, ruwan na zurfafa a hankali, akwai makarantun hawa na 'yan garin, kuma ƙauye ne, ba hayaniyar birni. Daga Takoradi ana bi ta Agona Nkwanta. Kokrobite ta fi kusa da Akara, amma wurin shagalin ƙarshen mako ne. Ɗan Najeriya ba ya bukatar biza zuwa Gana ko Sanagal, yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka kwana 90, sai dai fasfo da katin rigakafin shawara, shi wannan ana tambayarsa a kan iyaka. Gana tana da wani daɗi ga Bahaushe: duk babban gari akwai zango, za ka ji Hausa, ka sami masallaci da tuwo da naman da ka san yankansa. Bali da Weligama ta Siri Lanka suna da gaɓar 'yan koyo masu kyau ƙwarai, amma kuɗin jirgi kaɗai zai cinye abin da zai biya maka darasin wata guda a Busua, ga wahalar biza. Kumfar da za ka hau a makon farko iri ɗaya ce ko'ina.

Akwai abin da tallarsu ba ta faɗa. Sansanoni da yawa an tsara su ne don matasan Turai masu yawon hutu: ɗakin kwana ɗaya maza da mata, mashaya a tsakar gida, kiɗa har tsakar dare. Ba dole sai ka sayi kunshin kwana da abinci da darasi gaba ɗaya ba. Kana iya kama ɗaki a gari, ka ci abincinka inda ka yarda da shi, ka biya darasi da hayar allo kaɗai, sau da yawa ma hakan ya fi araha. Idan kunshin za ka saya, a rubuto maka abin da ke ciki dalla-dalla: darasi nawa, awa nawa kowanne, allon yana hannunka bayan darasi ko sai ka sake biya, wa ke biya idan ya karye, kuma idan teku ya ƙi kyau aka fasa darasi ana ramawa ko an ci ke nan. Kada ka tura kuɗi duka ga wanda ka sani a Instagram kawai. Ɗan kafin alƙalami ya isa, sauran sai ka ga wuri da idonka.

Maganar Inna kuwa, tana da gaskiyarta, ana nutsewa a teku, kuma yawanci baƙi ne da suka shiga inda ba mai tsaro, ba su tambayi 'yan gari ba. Kada ka yi mata gardama, kada kuma ka sulale ba da saninta ba. Nemi wani babba da take jin maganarsa, ko kawunka ko limamin unguwa, ka nuna musu bidiyon darasin 'yan koyo, ba na ƙwararrun da kake kallo ba, su ga ruwa iya ƙugu da malami a tsaye kusa. Ka yi mata alkawarin ba za ka shiga kai kaɗai ba, ba da dare ba, ba ranar da aka kafa jar tutar gargaɗin haɗari ba, kuma ka cika.

Ka sa a ranka cewa mako ɗaya tsayuwa a kumfa zai ba ka, wataƙila da ƙaramar igiya ɗaya ko biyu da ba ta fashe ba idan ka kai mako na biyu. Kafin tafiya, kullum bayan asuba ka kwanta rub da ciki kan tabarma, tafin hannu biyu a gefen ƙirji, ka yunƙura ka tsaya da motsi ɗaya, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a lanƙwashe, ba tare da ka durƙusa ba. Ƙafar da ta riƙa shigewa gaba da kanta ita ce ta gabanka, maɗaurin allo kuma a ta baya ake ɗaure shi. Ka tafi da riga mai dogon hannu ta shiga ruwa, don allon yana goge ƙirji da ciki har su yi ja, da man kare fata daga rana, domin hasken da ruwa ke mayarwa yana ƙona baƙar fata ma. Sansanin da ka fi karkata gare shi kuma, ka ce su turo maka ta WhatsApp bidiyon darasin da suka yi a wannan makon, ba wanda aka gyara don talla ba, ka ƙirga ɗalibai ka duba inda malamin yake tsaye.